Daga Jan Ciki Zuwa Tsallen Katanga: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girman Ƴaƴan Kyanwa

Gidanmu a Birni tun ina yaro ba a taɓa rasa kyanwa ba, saboda ɗakin hatsi da ɓeraye, to duk sanda ta haihu sai maƙwabta su yi ta shigowa da tambayoyi, wasu na son a ba su ɗaya, wasu kuma tasu ce ta haihu sun ga abin da ya ba su tsoro. Shi ne na tara tambayoyin da suka fi dawowa wuri guda. Ko kyanwa kuke cewa, ko mage, ko mussa, duk ita ce dai.

Malam, kwana 5 da haihuwa amma idanunsu a rufe, kunnuwa a manne. Ko makafi aka haifa?

A'a Hajiya, kwantar da hankalinki, haka Allah ya yi su. Kyanwa tana ɗaukar ciki wajen kwana 63 zuwa 65, wata biyu da ɗan ɗoriya kenan, kuma ƴaƴan da take haifa aikinsu bai ƙarasa ba, a waje ake ƙarasa shi. Ki duba ɗan akuya, ana haihuwarsa kafin ki gama wanke hannu ya miƙe yana neman nono, shi a ciki aka gama masa komai don dabbar da ake farauta ce, dole ya iya bin garke. Ɗan kyanwa kuwa uwa ce mafarauciya, tana da lungun ɓoye shi, ba gaggawa. Ana haihuwarsa nauyinsa wajen giram 100, ba ya gani, ramin kunnensa a toshe, ƙafafu ba sa ɗaukarsa. Ido yakan fara tsagewa daga kwana 7 zuwa 10, daga gefen hanci yake somawa, wani sai ya kai sati biyu, kuma ba lalle duka biyun su buɗe rana ɗaya ba. Kunne shi ma cikin satin nan na biyu yake buɗewa ya fara miƙewa.

Abu ɗaya nake roƙo, kada a buɗe musu ido da hannu. Yara suna yi wallahi, wai taimako.

To in ba su gani ba su ji, yaya suke gane nono?

Da hanci, da taɓawa, da jin ɗumi. Waɗannan ukun da su ake haihuwarsu a shirye. Ka sa bayan yatsanka kusa da fuskar jariri ka gani, zai yi ta karkaɗa kai dama da hagu yana tura hanci har ya samu wuri mai ɗumi ya cusa, ba tunani yake ba, jiki ne ke yi da kansa, kamar yadda jaririn mutum ke kama yatsa. Tsotso ma haka. Har taɓa cikin uwa da suke yi da hannuwa suna dannawa kamar mai kwaɓin fulawa, shi ke sa nono ya sauko, kuma wasu har su tsufa ba sa daina shi, in ta hau cinyarka ta ji daɗi sai ta fara. Cikin ƴan kwanaki kowane yakan zaɓi kan nonon da ya fi so yana komawa gare shi, in ɗan uwansa ya riga shi sai ka ga kokawa ta makafi, abin dariya. Nonon farko, dakashi, shi ne mai kariyar cuta, kuma a ranar farko hanjinsu ya fi karɓarsa, don haka ranar haihuwa ba ranar ɗaukar su ana nuna wa baƙi ba ce.

Me ya sa suke jan ciki kamar ƙadangare, ƙafafun baya kamar sun mutu?

Nan ne gindin maganar duka, bari in ɗan tsaya.

In muka ce jijiya a Hausa muna haɗa abu uku, ta jini, da ta agara, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ta bi laka cikin ƙashin baya ta isa tsoka. Ta ukun nake nufi. Ita kamar wayar wuta take, kuma ka san waya sai da robar nan da ta lulluɓe ta. Jijiyar saƙo ma tana da irin wannan rufi na kitse, likitoci na ce masa mayalin, shi ke sa saƙo ya yi gudu ya isa kan lokaci. Ɗan kyanwa ana haihuwarsa yawancin wayoyinsa rufin bai kammala ba, saƙo na tafiya a hankali, sai ƙafa ta motsa a makare ko ta zarce inda aka aike ta. Kuma ƙarfin daga gaba yake somawa ya gangara baya: wuya da kai, sai hannuwa, ƙafafun baya su ne ƴan auta. Shi ya sa sati biyun farko zaka ga yana tuƙi da hannuwa kamar mai iyo a tafki, ciki a ƙasa, baya na biyowa.

Yadda na saba gani kuma haka yake a ilimin, cikin sati na 3 yake ɗaga ciki ya fara tatata yana layi, wutsiya a miƙe cak kamar eriyar rediyo yana neman daidaito da ita, taku uku ya kife. Sati na 4 tafiya ta fara kama da tafiya, ya fita daga kwali ya yi nisa. Sati na 5 gudu. Sati na 6 zuwa 7 duk irin takun manya ya iya. Amma tafiya kan siririyar katanga da juyowa a kanta ba tare da faɗuwa ba, wannan sai wajen sati 10 zuwa 11. Saboda haka kafin ka ce ɗan kyanwa gurgu ne, fara ƙirga kwanakinsa tukuna, mutane da yawa ba su ma san ranar da aka haihu ba, a bayan buhunan hatsi suka tsince su.

Sai dai akwai wanda ya kai sati 3 zuwa 4 ƙafafu a baje gefe kamar kwaɗo, ƙirji a shafe. Irin wannan ƙasa mai santsi tana ƙara masa, kamar daɓen siminti mai sulɓi ko karo ko leda. A shimfiɗa masa tabarma ko tsohon buhu inda akaifa za ta kama, a nuna wa likitan dabbobi da wuri, da yawansu suna miƙewa in an tare abin tun suna ƙanana.

Ban san ranar haihuwa ba, ta yaya zan gane kwanakinsa?

Cibiya na nan a bushe, bai wuce ƴan kwanaki ba, wajen kwana 3 take faɗuwa. Ido a rufe, bai kai kwana 10 ba galibi. Ƙananan haƙoran gaba sati 2 zuwa 3, fiƙa sati 3 zuwa 4. Akaifa a waje kullum bai iya mayar da ita ba, bai kai wata ba. Ido kuwa duka shuɗi ake fara gani, sai daga wajen sati 6 zuwa 7 yake fara rikiɗa ya koma launinsa na gaskiya.

Suna barci suna zabura, ƙafa na harbawa, baki na motsi. Farfaɗiya ce ko iska?

Ba ko ɗaya. Jariran kyanwa kusan duk yininsu barci ne, kuma yawancinsa irin barcin nan ne da ƙwaƙwalwa ke aiki a ciki, zaburar nan jijiya da tsoka ne ke gwada juna. Ni wanda ya kwanta shiru ba ko motsi, gefe guda nesa da ƴan uwansa, shi ya fi tayar min da hankali. Jijjiga ta ciwo daban take, jiki ya sandare, yawu na zuba, ka taɓa shi bai farka ba. Mai barcin lafiya kana taɓa shi zai yi miƙa ya nemi nono.

An ce idonsu ya buɗe amma ba su gani sosai, gaskiya ne?

Gaskiya ne, dishi-dishi suke gani da farko, sai wajen sati 3 zuwa 4 suke bin abu da ido da kyau suna kauce wa abin da ke gabansu. Don gani ba aikin ido kaɗai ba ne, ƙwaƙwalwa sai ta koya. Wasu masana biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, a shekarun 1960 sun rufe wa ƴaƴan kyanwa ido ɗaya tun suna ƙanana, bayan watanni aka buɗe, idon lafiyarsa lau amma ba ya gani, saboda wurin da aka tanadar masa a ƙwaƙwalwa ɗaya idon ya mamaye, kamar gonar da mai ita ya yi shekaru bai zo ba maƙwabci ya shigar da kunyarsa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Sun gano lokacin haɗarin daga sati na 4 yake farawa, ya fi tsanani har zuwa sati 6 ko 8, ya ƙare wajen wata 3. Wannan aikin na cikin abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981, kuma shi ya ƙara wa likitocin mutane hujjar cewa jaririn da aka haifa da yanar ido ko harara-garke ba a jira ya girma kafin a duba shi. Abin tausayi ne ga kyanwoyin da aka yi wa, ban musa ba, amma yaran mutane da yawa sun amfana.

Amfaninsa gare mu a nan: ciwon ido na ƴaƴan kyanwa ya yi yawa, musamman lokacin ƙurar hunturu, sai ka ga kwantsa ta liƙe ido ruf kwana da kwanaki ana cewa ai zai buɗe. A riƙa gogewa da auduga da ruwan ɗumi da aka tafasa ya huce, in ya kumbura ko yana fitar da mugunya a kai shi ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi. Idon da ya daɗe a rufe a waɗannan satuttukan ba ƙaramar asara ba ce.

Yarana suna son su yi ta ɗaukarsu a hannu, ko in rufe su a kwando kada su ɓata. Wanne ya fi?

Ƙanwata duka biyun in sun yi yawa ɓarna ne. Akwai wani gwaji da aka buga a 1963, na Richard Held da Alan Hein, nan ma Amurka. Ƴaƴan kyanwa biyu a wata na'ura mai juyawa kamar lilon yara, ɗaya yana tafiya da ƙafarsa yana jan abin, ɗayan yana zaune cikin ɗan akwati ana yawo da shi. Abin da suke gani iri ɗaya, tafiyar iri ɗaya. Amma da aka gwada su, mai tafiya da ƙafarsa ya iya miƙa hannu ya dafa bakin tebur, ya san rami ya kauce, wanda aka yi ta ɗauka kuwa bai iya ba sai da aka sake shi ya yi yawo da kansa. Wato ido da ƙafa tare suke karatu, kuma faɗuwar nan da kifewar da kike gani ita ce makarantar. A bar musu ɗaki ko lungun tsakar gida da ba rijiya a buɗe, ba bokitin ruwa, ba murhu. Bokiti da randa da baho fa a kula, mu da muke tara ruwa a komai saboda halin ruwan Damagaram, ɗan sati 5 ya iya hawa amma bai iya fitowa ba, mun taɓa rasa ɗaya haka a bahon wanki kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗauka kuwa tana da nata amfanin. Daga sati 2 zuwa 7 shi ne lokacin da suke sabo da mutum, wanda ake ɗan taɓawa kullum a hankali na ƴan mintuna yakan tashi mai son mutane, wanda bai ga hannu ba har ya wuce nan yakan zama ɗan daji ko da a gida yake, kana matsowa sai huci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yara su zauna ƙasa a ɗora musu a cinya, ba a tsaye ba.

Da gaske ne ko ta ina aka jefa kyanwa da ƙafa take dira? Har jarirai?

Kai wannan tambayar ta kashe ƴaƴan kyanwa da yawa a hannun yara. Babba tana yi, eh. Cikin kunne can ciki akwai wasu ƴan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina sama ina ƙasa, sai ta fara juya kai, gaban jiki ya bi, sannan baya, ga ƙashin bayanta mai laushi. Wani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, shi ya ɗauki hotunan kyanwa tana faɗowa ɗaya bayan ɗaya a 1894 aka ga yadda take murɗawa a iska ba ta dafa komai ba. Amma jariri ba shi da wannan. In ka kwantar da shi rigingine a ƙasa zai yi ƙoƙarin birkicewa tun yana ɗan kwanaki, juyawa a iska kuwa sai wajen sati 3 zuwa 4 take somawa, ba ta kammala sai sati 6 zuwa 7. Kuma ko babbar, dirowa da ƙafa ba ya hana karaya ko fashewar haɓa in daga soro ta faɗo. Zancen wai kyanwa rai tara gare ta zance ne kawai.

Uwar tana kama su a wuya da baki tana sauya musu wuri, ba ta ji musu ciwo?

Ba ta ji. Ana kama fatar ƙeya sai jariri ya yi laƙwas, ya naɗe ƙafafu da wutsiya ya yi tsit, shi ma jiki ne ke yi da kansa. In tana yawan kwashe su, an dame ta ne, a rage leƙe.

Nawa ya kai sati 6 amma yana tangaɗi kamar mashayi, in zai ci abinci kansa na rawa yana dungurar kwano. Mene ne?

In tun fara tafiyarsa haka yake, yana ci yana wasa yana girma, kuma abin ba ƙaruwa yake ba, to akwai alamar ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya ce ba ta cika ba. Ita ce mai auna motsi, ta ce ɗaga ƙafa iya nan, tsaya nan. A kyanwa tana girma ne ƙarshen ciki da satuttukan farko bayan haihuwa, to in uwa ta kamu da ƙwayar cutar fanlikofeniya tana da ciki, wadda masu Faransanci ke ce wa tifus ɗin kyanwa, ƙwayar tana bin sassan da ke girma da sauri ta lalata su. Sai ɗan ya tashi yana taku da ƙafafu a buɗe, yana ɗaga ƙafa fiye da kima, kai na karkarwa in ya nufi abu, in yana kwance kuma shiru kamar ba shi ba.

Ba ya warkewa amma kuma ba ya ƙaruwa, ba ciwo yake ji ba, tangaɗin ba ya yaɗuwa, ba kuma maita ko aljanu ba ne don na ji an faɗa har an kai ɗaya bola saboda haka. Suna koyon dabarunsu su rayu shekaru. A ba shi kwano mai faɗi mai nauyi, kada a bar shi ya fita titi ko ya hau sama. Rigakafin cutar akwai shi, ana yi wa mace kafin ta ɗauki ciki, ba tana ciki ba.

Wanda da lafiyarsa yake tafiya sai rana ɗaya ya fara layi, wannan wata magana ce, ka karanta ta gaba.

Jiya lafiya lau, yau yana karkarwa yana faɗuwa. Me zan duba?

Fara da guba. Maganin ƙwari da ake fesawa a ɗaki, fiya-fiya, maganin kaska na shanu da tumaki, da na ƙuman kare mai sinadarin farmetirin, duk jijiya suke kamawa, hantar kyanwa ba ta iya narkar da su kamar sauran dabbobi, sai yawu da karkarwa da jijjiga. Wani ya ga ƙuma a jikin ɗan kyanwa ya shafa masa na dabbobi, kafin la'asar ya mutu. In ya taɓa jiki a wanke da ruwan ɗumi da sabulu a tsane shi a ruga wurin likita. Farasitamol kuma ko ɓari kada a ba kyanwa, kisa yake.

Sai abinci. Ɗanyen kifi kullum yana cinye bitamin B1, alamarsa wuya ya lanƙwashe haɓa ta taɓa ƙirji, ga layi. Tsokar nama zalla ba ƙashi ba komai tana hana ƙashi ƙwari don ba kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ƙafafu su lanƙwashe. Tuwo da fura zalla kuma ba abincin kyanwa ba ne, tana buƙatar wani sinadari torin da a nama ake samu, rashinsa na taɓa ido da zuciya. Kai a karkace gefe ɗaya yana zagaye, a duba kunne. In kuwa wata dabba ta cije shi kwanakin baya sai halinsa ya sauya yana cizo yana dalala, kada a taɓa da hannu, ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma duk wanda ta ciza ko ta yaga ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15 ya tafi likita ranar.

Uwar ta mutu ta bar su kwana 6. Madara kawai zan ba su?

Ɗumi kafin madara. Jariri ba ya iya riƙe zafin jikinsa, satin farko ko rawar ɗari bai iya ba, jikin uwa da na ƴan uwa ne bargonsa har wajen wata guda. Sanyin asuba na Disamba da Janairu kaɗai ya isa ya kashe shi, kuma in jiki ya yi sanyi hanji tsayawa yake, ka ɗura masa madara ta shaƙe shi. A zuba ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a sa gefen kwali, a bar wani gefen ba gora don ya janye in ya ji zafi. Afrilu da Mayu kuma akasin haka, kada a bar su ƙarƙashin rufin kwano da rana.

Madarar shanu da ta gwangwani ba su kai nonon kyanwa ƙarfi ba kuma suna sa zawo, in ana samun wadda aka yi don kyanwa ita ce daidai, mafi sauƙi a nan dai a nemi wata kyanwar mai shayarwa a unguwa, sau da yawa tana karɓa. In da hannu za a ba shi, duk awa 2 zuwa 3 har dare, yana kife kan cikinsa ba rigingine kamar jaririn mutum ba. Sannan abin da kowa ke mantawa: bai iya fitsari da kashi da kansa ba sai wajen sati 3, lasar uwa ce ke sa su fito. Bayan kowane ci a shafa masa ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi har ya yi. Mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum, in da ƙaramin sikeli a gida a riƙa aunawa.

Yaushe zan zo in ɗauki nawa? An ce in ya fara cin abinci shikenan.

Baba da girmanka, amma a nan ba zan biye maka ba. Fara lasar abinci sati 4 ne, yaye sai sati 7 zuwa 8, kuma ba nono kaɗai yake sha wurin uwa ba. Daga wata guda uwa ke fara kawo musu ɓera, da farko matacce, daga baya mai sauran rai su gwada. Kokawa da ƴan uwa ita ke koya masa iya inda cizo ke tsayawa, ya ciji ɗan uwa da ƙarfi a rama masa. Wanda aka raba da wuri shi ne zaka ga ya girma yana tsotson bargo yana yagar hannun yara, sannan a zo ana ce min kyanwar da ka ba mu ba ta kamu. Sati 8 shi ne mafi ƙaranci, in za ka iya haƙuri zuwa wata 3 ya fi. Ka zo ka zaɓa tun yanzu in kana so, mai baƙin tabo a hanci dai an riga ka.